Tamsin da Lambar Ƙofata

Duk wanda ya yi ko mako guda a garinmu ya ga Tamsin Birkett. Ita ce doguwar nan mai raba wasiƙu, mai gajeren wando ko da dusar ƙanƙara ake zubawa, wadda ke tafiya kamar ta bar tukunya a kan wuta. Shekara uku tana kawo mini wasiƙa ban taɓa ganin ta a zaune ba. Abokan aikinta sun ce ko shayin safe a tsaye take sha, jaka a kafaɗa. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Tun daga bakin shinge za ta fara fito, wani fito marar kai marar gindi, in kuma kaya ne da sai an sa hannu, sai ta zagaya ta baya ta kira sunanka. Baƙin garin suna cewa rashin tarbiyya ne. Mu da muka yi zaman kwatas ɗin bariki mun san inda ta koyo shi.

Ni ce Lorraine Metcalfe, na san ta tun tana da shekara bakwai. Gara in faɗa tun yanzu: yarinyar nan ta girma da kaya a kanta wanda rabinsa nawa ne. Na bar ta da shi shekara goma sha shida, alhali magana ɗaya daga bakina za ta iya rage mata nauyinsa.

A Jamus aka haife ta, a wani barikin, kuma kafin ta iso layinmu ta riga ta zauna a gidaje huɗu. Ta ce mini duk ɗaya ne, bango ruwan madara, labule ruwan ƙasa, murhun da sai ka lallaɓa shi. Ba ƙarya ta yi ba. Gidaje ashirin da biyu ne a layinmu, in ka cire lambar da ke jikin ƙofa, ko mai gidan sai ya ɓata. Su suna lamba goma sha biyu, mu muna goma sha huɗu. Babanta Wayne kofur ne, bakanike, mutum mai shiru-shiru da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Mamarta Bev kuwa ita ta kwashe surutun gidan gaba ɗaya. Mijina Dougie saje ne a rundunarsu.

Ni da Dougie ba mu samu haihuwa ba. Akwai katako ɗaya da ya cire a shingen bayan gida, ta nan Tamsin ke kutsowa kullum bayan makaranta, ta cinye mini biskit, ta cika mini kunne. Dougie ne ya koya mata fito. Shi ma bai iya ba, Allah na gani, amma haka yake yi tun daga kan layi don in san shi ne ke dawowa.

"Kawu Dougie, wace waƙa ce wannan?"

"Waƙar ki ɗora butar shayi, ga mai gida nan."

"Ai ba daɗi."

"Ji 'yar nan! Ke da iska kawai ke fita ta wawulonki?"

Tana da shekara tara aka kwashe su zuwa Afganistan, wata shida. Ranar da motocin suka tashi ba ta yi kuka ba, ita ce ma ke miƙa wa uwarta hankici. Muka yi ta yabon ta, muna cewa jarumar yarinya, 'yar soja ke nan. Manya ba mu da kai wani lokaci.

In maza sun tafi, layi yana da dokarsa, ba a rubuce take ba amma ba mai karya ta. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Ko gishiri kike so, ki zagaya ta baya ki kira suna. Mai kawo madara ya sani, mai wanke tagogi ya sani. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa tallar inshora cikin baƙar kwat, mata uku suka raka shi har bakin titi da zagi. Dalili kuwa, mutum biyu ne kawai ke ƙwanƙwasa ƙofar gaba, cikin kwat, da mota mai tsabta, kuma ba su zuwa da alheri. Akwai abu na biyu. In an rasa wani a can, sai a katse wa duk sojojin waya har sai an sanar da iyalin mamacin. Saboda haka in ranar da mazanmu ke kiran gida ta zo waya ta yi shiru, duk layin ya san an yi mutuwa, ba a dai san ƙofar wa ba. Mukan ce yara ba su gane wannan. Sun gane sarai, sun ma riga mu ganewa.

Wata biyu da tafiyarsu na lura biskit ɗina ya daina ƙarewa. Tamsin ta daina kutsowa. Na tsare Bev a wurin shanya.

"Ina mutuniyata? Ko mun yi faɗa ban sani ba?"

"Ke dai bari, Lorraine. Tana can manne da taga kamar kyanwa. Kullum da safe ciwon ciki, ciwon ciki. Na kai ta wurin likita, ya ce lafiyarta ƙalau."

"Makaranta fa?"

"Da daru. Jiya malamarsu ta kira ni, wai ta nemi izinin zuwa ban ɗaki, sai a bakin layinmu aka tsince ta."

"Me ta zo yi?"

"Oho mata! Ni kaina da ƙyar nake riƙe kaina, ina zan iya da shirmen yara? Zai wuce."

Na shiga na same ta a kan kujera jikin taga, da ɗan littafi a cinya. Ta ciccije fatar yatsunta har sun yi ja. Na leƙa littafin: lambobin motoci ne, shafi bayan shafi, kowace da launinta da lokacin da ta wuce.

"Ke kuma aikin ɗan sanda kika samu?"

"Anti, kin tare mini."

"Zo mu je, na gasa kek. Ko ba ki so in ba kare?"

"Ba zan iya tashi ba. In na tashi za su zo."

"Su wa?"

Ta dube ni irin kallon da ake wa wanda ya san amsa yake tambaya. "In ina kallo ba sa tsayawa. Ranar da suka zo gidan su Gemma na nan layinmu ina makaranta."

Na buɗe baki in ce mata wannan shirme ne, sai na tuna ni ma tun da Dougie ya tafi ban wanke kofinsa ba, yana nan a kan kanta da sauran shayi ya bushe a ciki. Na kawo mata kek ɗin nan jikin taga. Ba ta ci ba.

Daminar nan ta yi mana muni. Sau biyu motar ta shigo layinmu. Kowane zuwa ina bayan labule, ina cewa Allah ka sa su wuce, Allah ka sa su wuce. Da suka wuce kuwa na gode wa Allah, sannan na dafa abinci na kai gidan makoki, na yi kuka tare da su, kukan gaskiya. Duk haka muke yi, ba dai mai faɗa. Barci ya ƙaurace wa layin. Mata suna goge tagogin da suka goge jiya, ana faɗa a kan wurin ajiye mota. Tamsin ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ta kuma fara tsige gashin girarta.

Ranar wata Talata a watan Agusta, da safe, na fito ɗaukar madara. Na juyo zan shiga, sai na ga goma sha biyu a jikin ƙofata. Na ja da baya na duba ta su Bev, ga goma sha huɗu a can, a ɗan karkace. Fenti ya kankare a gefen ƙusoshin, ga kuma wuƙar shafa bota an yar a cikin furanni. Ba sai an gaya mini ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da na ciyar, na tsefe wa kai, ita ce ta kwaso mutuwar gidansu ta rataya mini a ƙofa. Na ɗauki wuƙar, na nufi gidansu da niyyar in ci mata mutunci. Na yi taku uku na tsaya. Wani tunani ya zo mini, wanda har yau ina jin kunyarsa: lambata ba ta jikin ƙofata. In an zo neman goma sha huɗu, ba a nan za a tsaya ba. Na san wauta ce, ni ba yarinya ba ce, shekarata talatin da huɗu. Amma na ji wani sauƙi a ƙirjina da na yi wata huɗu ban ji ba. Na koma ciki, na wanke wuƙar, na jefa ta cikin cokulana. Na ce gobe zan gyara. Goben ta zo na ce jibi.

Ranar Juma'a da yamma waya ta yi shiru.

Asabar da hantsi, wajen ƙarfe goma, motar ta shigo. Ina bayan labule. Ta tsaya tsakanin gidajenmu biyu, mutum biyu suka fito, babba da ƙarami. Babban ya duba takardar hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi ƙofata, ya wuce. Ya dubi ta su Bev, ya gyara kwat ɗinsa.

Ni kaɗai a duniya na san abin da hakan ke nufi. Goma sha huɗu suke nema. Ni suke nema. Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofata zuwa tasu, na ƙirga daga baya ba sau ɗaya ba. Da na fito na ce ga ni nan, da shi ke nan. Ban fito ba. Na riƙe labule, na bar su suka ƙwanƙwasa.

Bev tana baya wurin shanya. Tamsin ce ta buɗe, da littafinta a hannu. Tagata a buɗe take, na ji komai.

"Sannu, 'yan mata. Mamarki na ciki? Nan ne gidan Saje Metcalfe?"

Sai na ji dariya. Wata irin dariya ce mai ƙarfi, da na yi wata da watanni ban ji daga bakinta ba. Ta nuna ƙofata da yatsa, ta juya da gudu cikin gida tana ihu.

"Mama! Mama! Ba Baba ba ne! Kawu Dougie ne! Ba Baba ba ne!"

Duk layin ya ji. Haka aka sanar da ni mutuwar mijina, kafin mutanen su ƙaraso su faɗa mini da ladabi.

Ba zan tsaya a kan makoki ba, wannan nawa ne. Da yammacin ranar wani ya mayar da lambobin, ban tambayi ko wane ne ba. Bev ta zo ta durƙusa a kicin ɗina tana kuka tana ba ni haƙuri, ta ce ta zane yarinyar, ta kuma gargaɗe ta kada ta sake tayar da maganar har abada. Ta tambaye ni ko na lura da abin da aka yi wa ƙofar. Na ce ban lura ba. Tamsin ba ta sake kutsowa ta shinge ba, ni kuma ban neme ta ba. In na rufe ido dariyar nake ji. Ya fi mini sauƙi in ji haushin dariyar yarinya da in tuna hannuna a kan labule.

A watan Oktoba sauran suka dawo. Ana kaɗa ganguna, yara na rugawa suna ɗafe iyayensu. An ce Wayne ya durƙusa ya buɗe hannu, Tamsin ta tsaya ƙiƙam ta ƙi matsawa, sannan ta yi amai a kan takalmanta. Ni lokacin ina haɗa kaya. Na bar kwatas na samu ɗan gida a cikin gari, kusa da kasuwa, inda ake ƙwanƙwasa ƙofa kamar ba komai ba. Su Bev kuma aka yi musu canji zuwa kudu.

Sauran labarinta a katin Kirsimeti na same shi, don Bev ba ta fasa aikowa ba ko da ban amsa ba, kuma ba ta iya gajarta magana ko a rubuce. Tamsin ta yi wata uku ba ta magana in ba dole ba. Tamsin ba ta cin abinci in babanta yana teburin. An kai ta wurin wata mata mai zama da yaran sojoji, ta ba ta fensir ta ce ta zana abin da ke damun ta, ta zana ƙofa, ƙofa, ƙofa, aka ce kewar tsohon gida ce. An ba ta magani, an canja, an sake canjawa. Ta bar makaranta tana da goma sha shida. Ta yi aikin kanti, ta gudu saboda ƙararrawar ƙofa. Ta yi na gidan tsofaffi, suna son ta, amma ba ta iya zama a gefen gado minti biyar. Ta yi na kula da karnuka. Wayne ya bar soja ya koma tuƙin babbar mota, suka zauna a wani gari bakin teku. A ƙasan kowane kati Bev takan rubuta: "Wayne bai san laifin da ya yi mata ba." Nakan karanta in jefa a aljihun tebur.

Wata safiya, shekara uku da suka wuce, ina wanke-wanke, sai na ji fiton Dougie yana tahowa daga kan layi. Kofi ya suɓuce mini. Na leƙa, na ga doguwar mace da jar jaka, ba gashin gira ko ɗaya. Ta zura wasiƙa, sannan ta sa babban yatsa ta taɓa lambar ƙofata, kamar mai duba ko ta zauna daram, ta wuce. Daga baya na ji cewa ita ta nemi a ba ta unguwarmu, har ta yi musaya da wani, ta bar masa tata unguwar marar tudu.

Ta san ni ce, na san ita ce, muka yi ta wasan rainin hankali. Wata shida kafin in buɗe ƙofa.

"Ke ba ki jin sanyi ne da wannan wandon?"

"Tafiya na ɗumama ni, Anti."

"Au, ashe kin gane ni."

"Ga wasiƙarki."

"Shigo ki sha shayi mana. Kujerata ba ta cizo."

"Mutane na jira."

Haka muka ci gaba. Ranar da aka yi ƙanƙara sai in tarar an share mini dakali. Kwandon sharata yana komawa wurinsa da kansa. In ba ni da wasiƙa sai ta zura mini takardar talla, don dai ta zo. Na gane biyan wani abu take yi, na kuma ƙyale ta tana biya, don na saba da fiton. Ƙarfe goma saura kwata nakan tsinci kaina a jikin taga ina jiran sa. Tsohuwa mai zaman kaɗaici ba ta da kunya sosai.

A watan Maris da ya wuce Bev ta kira ni. Muryarta ta tsufa.

"Lorraine, Wayne ne. Ciwon huhu. Likitoci sun ce makonni, ba watanni ba."

"Wayyo, Bev."

"Ta ƙi zuwa. Na kira, na roƙa, na yi zagi. Sai ta ce aiki. Kullum idonsa na kan ƙofa. Jiya ya ce mini, 'Bev, ko da ban dawo ba ne ya fi mata?' Ki ji fa! Kina ganin ta kullum, don Allah ki yi mata magana. Ni na rasa me ke cikin kan yarinyar nan."

Ni na sani. Na ajiye wayar na kasa zama. Na goge kanta, na sake gogewa, na fita lambu na dawo ban yi komai ba. Na buɗe aljihun cokula, wuƙar tana nan, ta bi ni ƙaura. Kwana biyu ina jin fiton ina ɓuya a kicin. A rana ta uku na fito na tsaya a dakali tun ƙarfe tara.

"Tamsin, tsaya."

"Anti, na makara."

"Su jira. Mamarki ta kira ni."

Ta sha mur, ta shiga jujjuya wasiƙun hannunta. Ƙafarta ɗaya na bubbuga ƙasa.

"Ba zan iya ba."

"Ubanki ne."

"Na sani! Kina tsammanin ban sani ba? Duk lokacin da na kalle shi sai in ga Kawu Dougie. Da shi ne zai mutu, Anti. Ranar nan tasa ce, ni na karkatar da ita. Yanzu in je in zauna a gefensa in riƙe masa hannu, ke kuma wa ya ba ki wannan?"

"Ke, bam ɗin da ya kashe Dougie bai san lambar gida ba."

"Na sani a kaina. Likitoci huɗu sun gaya mini irin wannan. Cikina ne bai sani ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Kin san me ya sa na zaɓi ƙofarki? Na zauna na lissafa gidajen layin duka. Ke kaɗai ce ba ki da yara. Na ce a can ba wanda zai rasa uba. Kek ɗinki na cikin cikina na yi wannan lissafin. Sannan na yi dariya, kin ji ni."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma na zaro wuƙar daga aljihun rigata na miƙa mata. Ta dube ta, ta dube ni.

"Ta mamarki ce. A cikin furannina na tsinta, ranar Talata da safe."

"Talata?"

"Talata. Na ga goma sha biyu a ƙofata, na ga tawa a taku. Na gane aikinki ne. Na bar shi, saboda ni ma ina so su ɓata hanya. Kwana huɗu ina wucewa ta gabanta. Ranar Asabar kuma ina bayan labule, na ga sun wuce ƙofata, na san ni suke nema. Ban fito ba, Tamsin. Na bar su suka ƙwanƙwasa miki."

Ƙafarta ta daina bubbugawa.

"Kin ce wa Mama ba ki lura ba."

"Ƙarya na yi."

"Dariyar fa?"

"Sau biyu motar nan ta wuce ni kafin ranar, sau biyu na gode wa Allah a bayan labule. Mamarki ma haka, uwar Gemma ma haka kafin nata ya zo. Bambancinmu da ke, mu mun iya rufe baki."

Sai ta sauke jakar. Ta zauna a kan dakalina, a jiƙe yake ma, ta ɗora wuƙar a gwiwa tana kallo. Wani maƙwabci ya leƙo yana neman wasiƙarsa, na harare shi ya koma. Mun fi rabin awa a haka, ita a zaune, ni a tsaye. Na so in dafa kafaɗarta, ban ga ina da wannan hurumin ba.

"Shekarata tara, Anti."

"Na sani."

"Ke kuma babba ce."

"Talatin da huɗu."

"Shekara uku ina share miki dakali." Ta ɗago ta dube ni. "Kullum kina kallo na ta taga. Ko sau ɗaya ba ki..."

"Ban yi ba."

Ta miƙe, ta saɓa jakarta, ta jefa wuƙar a ciki tare da wasiƙun mutane. Ba ta taɓa lambar ƙofar ba. Ta fita ta bar ƙyauren shinge a buɗe, ban kuma ji fito ba har ta sha kwana.

Da yammacin ranar ta hau jirgin ƙasa zuwa wurin babanta. Wayne ya yi mako biyar bayan haka. Bev ta ce Tamsin ce ke aske masa gemu, kuma in ya yi barci tana nan a kujerar gefen gado ba ta motsawa, har sai an ce ta tashi ta ci abinci. Me suka faɗa wa juna, Bev ba ta sani ba, abin kuma yana cin ta. Ban je jana'iza ba, na aika furanni.

Ta dawo aiki a watan Mayu, amma ta nemi a canja mata unguwa. Yanzu tana can tsallaken kogi. Ranar kasuwa nakan hango ta a kan bencin gaban mahauci, ta miƙe ƙafafu, tana cin burodi da nama a hankali. Gashin girarta ya fara fitowa. Ta gan ni sau biyu, ba ta gaishe ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

Wanda ke kawo mini wasiƙa yanzu wani mutum ne mai kirki daga birni, bai san komai a kan bariki ba. In ya zo da kaya sai ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba da ƙarfi, sau uku, kowane lokaci kuma gabana sai ya faɗi. Ban ce masa ya daina ba. Har yanzu ƙarfe goma saura kwata nakan tsinci kaina a jikin taga.